Tarihin Kayan Gyaran Mota a Kano da Matsalar Ingancinsu: Misali Daga Kuloci

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama a bakin gareji a birnin Kano ya san irin gardamar da kan tashi idan kulocin mota ya ƙone 'yan makonni kaɗan bayan an sa shi. Mai mota yakan ce bakanike ya cuce shi, bakanike ya ce kayan ne ba su da kyau, shi kuwa mai shago sai ya nuna rasit, inda aka buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Daga ƙarshe mai motar ne zai sake zuba kuɗi, ya sayi wani faifan, ya kuma sake biyan ladan aiki.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda aka zo wannan hali. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa matsalar tana da asali a tarihin masana'antun Kano, watau na Bompai da Sharaɗa da Challawa, da kuma tarihin hanyoyin da kayan gyara suka riƙa biyowa kafin su iso hannun mai saye. Ra'ayinmu shi ne, ingancin kaya yakan dawwama ne muddin akwai wani sananne wanda za a koma wa in kayan sun ɓaci. Kano ta san wannan ƙa'ida tun kafin zuwan mota, ta kuma riƙe ta zuwa wani lokaci bayan zuwanta, sa'an nan ta suɓuce mata a cikin shekarun 1980.

2.0 Dalilin Zaɓen Kuloci

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu bayyana abin da ya sa muka ɗauki kuloci daga cikin ɗaruruwan kayan da ke jikin mota. Kuloci yana tsakanin inji da akwatin giya, aikinsa kuwa shi ne ya haɗa su ko ya raba su. Sassansa manya guda uku ne. Akwai faifai, wanda aka ɗaure wa lainin a fuskokinsa biyu da ƙananan ƙusoshi, da 'yan sifirin a tsakiyarsa don rage girgiza. Akwai murfi, mai ɗauke da babban sifirin da ke danne faifan a jikin ƙarfen da inji ke juyawa. Sai kuma boris, wanda ke tura sifirin ɗin idan direba ya taka kuloci, faifan ya saki, a sami damar sa giya.

Idan lainin ba shi da kyau yakan cinye ko ya ƙone da wuri, sai mota ta riƙa ƙugi ba ta tafiya. Idan ƙarfen sifirin bai sha wuta yadda ya kamata ba a wurin ƙira, ƙarfinsa yakan mutu bayan ya ɗauki zafi sau da yawa. Idan kuwa faifan ya karkace, ko da da ɗan kaɗan ne, mota takan yi karkarwa wajen tashi, giya kuma ta ƙi shiga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan aibobi da ido zai iya gani a shago. Sai an sauke akwatin giya an ɗaura kayan, an kuma yi tafiya da kaya a kan hanya, kana gaskiya ta fito. A lokacin nan kuwa mai shago yana da hujjar cewa an riga an yi amfani da kayan, yana kuma iya ɗora laifi a kan bakanike, ko a kan direban da ke barin ƙafarsa a kan kuloci, ko mai lodin da ya wuce ƙima. Saboda haka cinikin kuloci cinikin biri a sama ne, ba abin da mai saye ya dogara da shi sai amanar wanda ya sayar masa.

3.0 Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi

Irin wannan ciniki, na kayan da ba a iya sanin aibinsu sai an yi nisa, ba baƙo ba ne a Kano. A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Baturen nan ɗan yawon bincike Hugh Clapperton ya sauka a birnin, ya kuma rubuta abin da ya gani a Kasuwar Kurmi. Daga cikin abubuwan da suka ba shi sha'awa har da yadda ake cinikin riguna da turkudi. Ya bayyana cewa akan rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi. Idan falke ya kai kayan Barno ko wata ƙasa mai nisa, ya kwance ya tarar ba su kai yadda aka ce ba, sai ya aiko da su Kano, dillalin ya nemo wanda ya sayar, a kuma tilasta masa ya mayar da kuɗi bisa dokar gari.

Wannan tsari ya dace da hukuncin fiƙihun Malikiyya da alƙalan Kano ke aiki da shi, wanda ya ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa. Amma abin lura a nan shi ne dabarar da ta sa hukuncin ya yi aiki. Kayan suna tafe da sunan mutum, mutumin kuwa yana zaune a kasuwa, abincinsa ya rataya ga mutuncinsa. Da wannan ne tufafin Kano suka sami karɓuwa har ƙetaren Sahara. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan misali, domin da shi za mu auna zamunnan da suka biyo baya.

4.0 Zamanin Kamfanonin Turawa da Kafuwar Bompai

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, cinikin gyaɗa kuma ya bunƙasa nan da nan. Daga baya manyan motoci suka karɓi aikin raƙuma da jakuna wajen kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin dogo. Motocin da kayan gyaransu duka suna shigowa ne ta hannun manyan kamfanonin ciniki na Turawa da makamantansu, irin su UAC da SCOA da CFAO da UTC da Leventis. Kowane kamfani yana da irin motocin da yake wakilta, yana da ɗakin ajiyar kayan gyara, yana kuma da garejinsa da kanikawan da ya horar.

Ba za mu ce zamanin nan ba shi da aibi ba. Kayan suna da tsada, kamfanonin sun kankane ciniki, ribar kuma ƙetare take tafiya. Sai dai ta fuskar da muke magana a kai, akwai silsila bayyananna daga maƙeri a Ingila ko Faransa ko Jamus, zuwa wakilinsa a Kano, zuwa mai mota. In faifai ya ɓaci an san ƙofar da za a buga.

A cikin shekarun 1950 ne aka fara kafa masana'antu a Bompai, kusa da layin dogo. Abin da aka fi mayar da hankali a kai shi ne sarrafa amfanin ƙasa da yin kayan masarufi, kamar matsar man gyaɗa, da jima, da saƙa, da yin sabulu da turare da alewa da kwanonin sha. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, da samun kuɗin man fetur a shekarun 1970, da kuma dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, sai aka buɗe Sharaɗa da Challawa don Bompai ta cika. A nan ma masana'antun da suka fi yawa su ne na robobi da fatu da tufafi da abinci da lemo. Akwai masu aikin ƙarfe, har da masana'antar kekunan Raleigh a Bompai, amma unguwannin uku ba su zama cibiyar ƙera kayan cikin inji ba. Attajirin Kano ya zuba jarinsa ne inda kuɗi ke saurin juyawa, kuma ba za a zarge shi ba, tun da bokitin roba yana fita kasuwa a ranar da aka yi shi.

5.0 Zamanin Haɗa Motoci

A cikin shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta shiga yarjejeniya da kamfanonin ƙetare don kafa masana'antun haɗa motoci guda shida. Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas sun fara aiki a 1975. Sauran huɗun na manyan motoci ne: Leyland a Ibadan, da Mercedes a Inugu, da Steyr a Bauci, sai kuma National Trucks Manufacturers a kan hanyar Zariya a nan Kano, wadda aka kafa tare da kamfanin Fiat na Italiya don haɗa manyan motoci da motocin noma.

Manufar gwamnati ita ce a fara da haɗa sassan da aka ƙero a waje, sa'an nan sannu a hankali a riƙa yin sassan a gida. Da wannan manufa ta cika, da Sharaɗa da Challawa sun cika da ƙananan masana'antu masu yi wa Kaduna da hanyar Zariya kayan aiki. Abin da ya faru kuwa ya sha bamban. Shekaru da dama jiragen sama na kamfanin UTA suna jigilar sassan Peugeot daga Liyon ta Faransa zuwa filin jirgin saman Kano, daga nan a ɗora su a mota zuwa Kaduna. Watau kulocin da aka ƙera a Faransa yakan sauka 'yan kilomitoci kaɗan daga Bompai, ya wuce ta gefen masana'antunmu a cikin akwati. Abubuwan da aka samu yi a gida su ne masu sauƙi, kamar batir da taya da gilashi da kujeru da fenti.

Dalilin haka a fili yake. Ƙera kuloci yana bukatar ƙarfen sifirin na musamman, da maƙerar narka ƙarfe don zuba murfi, da injunan matsa falle, da tanderun da zai riƙe zafi daidai na sa'o'i ba tare da wuta ta ɗauke ba, da kuma na'urorin awo. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta, wanda aka ba Tarayyar Sobiyat kwangilarsa a 1979, bai kai ga kammaluwa ba. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodi da waya suke yi don gine-gine. Saboda haka ko da wani ya so ya ƙera faifai a Challawa, sai ya sayo kusan kome daga waje. Duk da haka, a wannan zamani silsilar nan ba ta tsinke ba, domin masana'antun haɗa motoci suna da dilolinsu, sabuwar mota kuma tana zuwa da takardar lamuni.

6.0 Tsinkewar Silsila, Daga 1982

Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin ƙetare ya yi ƙaranci. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka ƙuntata shigo da kaya sai da lasisi. Masana'antun haɗa motoci suka rasa sassa, ɗakunan ajiyar diloli suka bushe. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka soke lasisin shigo da kaya, aka kuma karya darajar Naira. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan fi Dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati, amma a 1987 sai da kusan Naira huɗu ake samun Dala guda. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, faifai na asali ya fi ƙarfin direban haya. Aiki ya durƙushe a masana'antar hanyar Zariya, har aka sayar da ita ga 'yan kasuwa a farkon shekarun 2000. Masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa su ma suka rufe, saboda tsadar kayan aiki da rashin tsayayyar wutar lantarki da kwararowar kayan waje.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Giɓin da diloli suka bari ya cika ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce tsofaffin motoci da tsofaffin kayan gyara daga Turai, waɗanda yawancinsu ke biyowa ta Kwatano, ake kiransu 'yan Kwatano ko kayan Beljiyam. Ta biyu ita ce sababbin kaya masu araha, da farko daga Taiwan, daga baya kuma daga Sin da Indiya da kasuwannin Dubai. Ta uku ita ce gyaran gida, inda ake cire tsohon lainin a ɗaura wa faifai sabo. Kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari suka zama madogarar masu motoci na Kano da maƙwabtanta har Jamhuriyar Nijar.

Wajibi ne mu yi adalci a nan. Ba don waɗannan 'yan kasuwa da kanikawa ba, da sufuri ya tsaya cik a ƙasar nan. Kuma kasancewar kaya ba daga kamfanin da ya ƙera mota suka fito ba, wannan kaɗai ba aibi ba ne. Kamfanonin motoci su kansu sayen kuloci suke yi daga ƙwararrun maƙera irin su Valeo na Faransa, da LuK da Sachs na Jamus, da Exedy da Aisin na Japan, waɗanda kuma ke sayar da kayansu a kasuwa da sunansu. Haka nan faifan da aka sake wa lainin sana'a ce ta halal idan an faɗa wa mai saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ɓarnar tana farawa ne daga inda aka sa kaya masu daraja ta uku a cikin kwalin masu daraja ta ɗaya, ko aka wanke tsohon faifai aka fesa masa fenti aka ce sabo ne. Kwalin yana ɗauke da suna, amma sunan na aro ne, mai shi yana wata nahiya bai san ana yi ba. Mai shagon ma sau da yawa bai san maƙerin ba, domin kayan sun ratsa hannu huɗu ko biyar kafin su iso gare shi.

Mu kanmu mun ɗanɗana. Mun taɓa sayen faifai da murfi a wani shago, cikin kwali mai hatimi, a kan farashin na asali. Kafin wata biyu mota ta fara santsi a hanyar zuwa wurin aiki. Da muka koma, mai shagon ya karɓe mu da fara'a, ya ce, "Malam, ai kaya in sun hau mota sun zama naka. Ni ma haka aka ba ni." Mun yarda cewa wataƙila gaskiya ya faɗa, kuma wannan shi ne abin baƙin cikin, domin babu wanda za a kama daga shagonsa har zuwa bakin teku.

Yana da kyau mu kwatanta da garin Nnewi na Jihar Anambra. A cikin waɗannan shekaru na ƙunci, wasu 'yan kasuwar kayan gyara na can suka sayo injuna daga Taiwan, suka fara ƙera batir da lainin birki da kayan roba, kamar yadda kamfanin Ibeto ya yi. Ba su kai ga warware matsalar inganci duka ba, amma sun nuna cewa ɗan kasuwa yana iya zama maƙeri ya buga sunansa a jikin kaya. A Kano jarin kayan gyara ya tsaya a saye da sayarwa, alhali ga rumfunan masana'antu a rufe.

7.0 Hukuma da Doka

Ba a rasa dokoki ba. An kafa hukumar kula da ingancin kaya, wadda a yau ake kira SON, tun 1971, a 2005 kuma ta fito da tsarin tantance kayan waje tun kafin a ɗoro su. An kafa Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye da dokar soja ta 1992, sa'an nan dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta maye gurbinta da hukumar FCCPC. Wannan doka ta ba mai saye haƙƙin mayar da kayan da aka samu da aibi, rubutun da ke kan rasit kuma bai isa ya soke wannan haƙƙi ba. An kuma yi manufar ƙasa kan motoci a 1993, aka sabunta ta a 2013, duk da burin a riƙa ƙera sassa a gida.

Amma doka tana bukatar wanda za a kama da kuma hujjar da za a kama shi da ita. Direban da motarsa ke kwance, iyalinsa na jiran cefane, ba shi da lokacin rubuta ƙara a kan faifai ɗaya, ba shi kuma da wurin da zai kai faifan a auna a tabbatar laifin ƙira ne. Faɗuwar Naira daga 2023, har Dala ta haura Naira 1,000, ta daɗa tura mutane ga mafi araha. Asarar kuwa ba ta tsaya ga kuɗi ba, domin babbar motar da kulocinta ya mutu a kan hawa da lodi tana iya jawo hasarar rayuka.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa a Kurmi ta 1824 kaya suna tafe da sunan dillali, a zamanin kamfanoni da na haɗa motoci suna tafe da sunan wakili, daga shekarun 1980 kuwa suka koma tafiya da sunan aro ko ba suna sam. Mun kuma ga cewa Bompai da Sharaɗa da Challawa ba su sami damar cike wannan giɓi ba, saboda an gina su a kan kayan masarufi, ƙarfe da wutar da ƙira ke bukata kuma ba su samu ba.

Bisa ga haka muna ba da shawarwari uku waɗanda ba sai an jira Ajakuta ba. Na farko, ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan gyara su wajabta wa 'ya'yansu rubuta darajar kaya a kan rasit, ko na asali ne, ko mai bi masa, ko tsoho, ko gyaran gida, tare da sunan mai shago da wa'adin mayarwa. Na biyu, shugabannin kasuwa da na kanikawa su kafa zaman sasanci mai yanke hukunci cikin kwana ɗaya ko biyu, sassan koyar da sana'a na kwalejojinmu kuma su taimaka da awo idan an yi jayayya. Na uku, a tattara masu sake wa faifai lainin a ba su wuri a ɗaya daga cikin rufaffun masana'antun Sharaɗa, da kayan awo da lainin da aka tantance, kowa ya buga hatiminsa a jikin abin da ya gyara.

Muna fatan masana tarihi da na tattalin arziki da ke wannan taro za su faɗaɗa bincike a kan wannan fage, musamman ta hanyar tattara bayanai daga bakin tsofaffin kanikawa da direbobin da suka yi aiki a zamanin kamfanoni, tun suna raye.